Shirun Kan Gada

Jiya da dare na yi wani mafarki wanda ko maƙiyina ba na fatan ya yi irinsa. Amma sai an san sana'ata kafin a gane shi.

Sunana Jazuli, fassarar fim nake yi a Funtuwa. In ka taɓa zama a gidan kallo ka ji ɗan Japan yana rantsuwa da Hausa, to ni ne. Ni kaɗai nake yin muryar kowa, yaro da tsohuwa da dodo, da makirufo ɗaya wanda na sa wa safa a kai. Shekara biyu ke nan ina fassara wani katun mai kashi-kashi, labarin yara biyu da suka tashi tare. Sunayensu na asali ba sa shiga baki, sai na raɗa musu Sallau da Tanimu. Sallau jan gashi gare shi, Tanimu shuɗi.

A kashi na arba'in da ɗaya suka ɓata. Sun tsaya a kan wata gada, minti ɗaya cur ba wanda ya ce uffan, sannan Tanimu ya tafi. Ba rubutu a ƙasa, ba bayani. A sana'armu kuwa ba a barin shiru. Ka bar shiru na daƙiƙa biyar, 'yan kallo za su fara dukan sifika suna zagin mai gidan kallo. Don haka na cika shi. Na sa Tanimu ya ce, "Sallau, hassadarka nake yi, ba na ƙaunar in ga ka ci gaba." Gari ya ɗauka, har matasa suna kiran duk mai baƙin ciki Tanimu. Na ji daɗin aikina ƙwarai.

A mafarkin, sai na gan ni tsaye a cikin garin katun ɗin da hantsi. Komai yana da baƙin layi a gefensa, gidaje da bishiyoyi da karnuka. Na ɗaga hannuna, na ga shi ma an kewaye shi da layi, kuma ba shi da kauri. Ruwa ake yi, amma daga ƙasa yake fitowa ya nufi sama, yana jiƙa mutum ta ƙarƙashin haɓa. Mutane sun juya lemominsu suna tafiya a ciki. Wannan bai dame ni ba. Abin da ya dame ni shi ne shirun. Kasuwa cike take, bakuna suna buɗewa suna rufewa, amma ko motsin sauti babu. Da suka gan ni, duk suka daina abin da suke yi suka juyo.

Wata tsohuwa mai sayar da kifi ta matso kusa da ni ta buɗe baki. Sai na ji maƙogwarona ya motsa da kansa, muryar tsohuwa ta fito daga bakina.

"Ana nemanka a ofis," na ji kaina na ce.

Na toshe bakina da hannu. Wani mai gemu ya buɗe nasa bakin, muryar ƙato ta ɓullo ta tsakanin yatsuna. "Yi sauri, an kusa azahar."

Duk mutanen garin nan da maƙogwarona suke magana, kuma ba sa neman izni.

Sai ga ni a ofis. Ban san yadda aka yi na hau bene ba. Awaki ne a kowane tebur, wasu suna buga hatimi da kofato, wasu suna cin fayil. Wani bunsuru mai hula ya nuna min ƙofar ƙarshe da gemunsa. A ciki wata tsohuwar akuya ce zaune, da tabarau a kan hanci, tana tuƙa a hankali.

"Malam Jazuli, zauna," in ji ta. Muryar daga bakinta ta fito, ba daga nawa ba.

"Ranki ya daɗe, ke kina magana da kanki?"

"Ka taɓa fassara akuya? In mun yi kuka a fim, haka kake barinmu. Mu kaɗai muka rage da muryarmu a garin nan, shi ya sa aka ba mu ofis." Ta turo wata takarda gabana. "Da azahar za a goge Tanimu."

"A goge shi kamar yaya?"

"Da kilina, irin wadda kuke goge fensir da ita a firamare. Dokar garin nan ce, ba ma ajiye mahassadi. Shaida kuma taka ce, ga ta nan, kalma goma sha biyu."

Na ce mata ai ni fassara kawai na yi, a ɗauko takardar asalin maganar a duba.

"Na cinye ta," in ji ta. "Fara ce tas, ba komai a jikinta. Ta yi daɗi. Wa ya gaya maka dalilin ɓatawarsu?"

"A fuskarsa na gani."

"Ta baya aka zana shi, Malam Jazuli. Minti ɗayan nan duka ƙeyarsa ka gani."

Ta cire tabarau ta lashe shi, ta mayar.

"To maganar hassadar nan, daga ina ka ɗauko ta?"

Na san daga inda na ɗauko ta. Ba a fim ba ne.

Ina da aboki, Dalhatu. Zaure ɗaya muka yi rarrafe, tabarma ɗaya muka yi barci har muka fara gemu. Dalhatu yana da i'ina. In zai ce ruwa, sai ya kama kan kalmar ya yi ta kokawa da ita, jijiyar wuyansa ta tashi. Ni kuwa bakina kamar injin markaɗe, ba na iya jiransa, kullum ni nake ƙarasa masa magana, ko daidai ko ba daidai ba. A kansa na koyi kwaikwayon murya. In muna mu biyu ina kwaikwayonsa, shi ma yakan yi dariya ya jefe ni da takalmi. Shekara shida da suka wuce na samu wani fim mai wawan bara, yaron gida, a ciki, na rasa muryar da zan ba shi, sai na ba shi ta Dalhatu. Na raɗa masa suna Barkono. Ban rage komai ba, har ɗan numfashin da yake ja kafin harafin ba. Fim ɗin ya yi kasuwa fiye da duk abin da na taɓa yi. Kafin sati ya zagayo, ba inda Dalhatu zai bi a unguwa ba a yi masa ihun B-b-barkono ba, har a bakin shagonsa na gyaran keken ɗinki. Bai zo ya yi min faɗa ba. Ya daina gaishe ni kawai. Da mutane suka tambaye ni abin da ya haɗa mu, na ce hassada ce, ya ga na yi suna. Na faɗa sau da yawa har ni ma na yarda.

Ban gaya wa akuyar ko ɗaya daga cikin wannan ba. Amma ta gyaɗa kai kamar ta ji, ta rubuta wani abu.

"In kana da gyara a kan shaidarka, sai ka faɗa a kan gada, a gaban jama'a, kafin a gama gogewa," in ji ta. "In an gama, an gama. Nan ba a sake zana mutum."

Sai ga ni a kan gadar.

Ita ce dai ta kashi na arba'in da ɗaya, da jan ƙarfenta da kogin da ba ya motsi. An jera bencina a bakin kogi, irin na gidan kallo, kuma ba 'yan katun ne a kai ba. 'Yan unguwarmu ne. Na gane mai shayi, na gane masu wankin mota, na gane wanzamina, kowa da ƙullin gyaɗarsa. Sallau mai jan gashi yana durƙushe a gefe, hawaye suna fita daga idonsa suna hawa sama tare da ruwan. Tanimu yana tsaye a tsakiyar gada ya ba ni baya. Na zagaya ta dama don in ga fuskarsa, na tarar da ƙeya. Na zagaya ta hagu, ƙeya. Ba wanda ya taɓa zana masa gaba a wurin nan.

Na ɗaga kai na ga kilinar. Girmanta ya kai motar bas, fara, gefenta ɗaya ya yi baƙi saboda aiki. Ba hannun da yake riƙe da ita. Ta sauko a hankali, ta goga ƙarshen gadar sau biyu don gwaji, wurin ya koma farar takarda. Ba ƙara, ba ƙura, sai ɗan ɓarɓashi da ya zubo. Sannan ta matso ta taɓa takalmin Tanimu na hagu.

Na buɗe baki na kurma ihu cewa a tsaya. Ba abin da ya fito. Na sake gwadawa har wuyana ya yi zafi. Leɓuna suna motsi, amma shiru kake ji.

"Ka daɗe a garin, ka zama ɗan gari," in ji akuyar. Tana zaune kan kujerar roba a gefena, fayil a cinya. "Yanzu kai ma sai da mai fassara. Mun samo maka."

Ta nuna sama da ƙaho. Can tsakanin gajimare akwai wata taga ta gilashi, a bayanta kuma ɗakin aikina ne, da katifun da na manna a bango da makirufona mai safa. Dalhatu ne zaune a kujerata. Ya sa abin sauraro a kunne, yana sanye da shuɗiyar rigar aikinsa mai tabon mai. Shekara shida ban kalli fuskarsa sosai ba, ashe ya yi furfura a gefen kunne. Ya dube ni ba fushi ba murmushi, yadda yake duban keken da aka kawo masa gyara.

Kilinar ta goge ƙafar Tanimu har gwiwa. Na ga ƙafar Dalhatu ta hagu ta ɓace a ƙarƙashin tebur, takalminsa na soso ya rage shi kaɗai.

Na kama ƙafar akuyar ina nuna mata tagar.

"Zane ɗaya ne," in ji ta. "Kai ka haɗa su, mu ba ruwanmu. Saki ƙafata."

Ban taɓa jin tsoro irin wannan ba, ko ranar da motarmu ta kusa faɗawa rafi. Na tsaya daidai saitin tagar, na buɗe baki sosai don ya ga leɓuna, na furta a hankali: Ni ne mai laifi, ba hassada ba ce, ƙarya na yi. Dalhatu ya duba bakina, ya gyaɗa kai, ya gane. Ya matso da makirufo, ya ja ɗan numfashin nan nasa. Muryarsa ta fito ta sifikun da aka rataya a jikin gada.

"N-n-n..."

Jijiyar wuyansa ta tashi. Ya rufe ido ya sake kamawa.

"N-n-n-n..."

Mai shayi ne ya fara ƙyalƙyacewa. Wanzamina ya bugi cinya ya ce, "Kai, Barkono ne! Wallahi Barkono ne!" Bencina suka ɗauka gaba ɗaya, har wani ya faɗi ƙasa yana riƙe ciki. Kilinar ba ta kula su ba, ta gama da ƙafa ta biyu ta hau ƙugu. Dalhatu ya rage daga ciki zuwa sama, yana shawagi a kan kujera, hannunsa riƙe da gefen tebur. Bai daina ba. Ya share zufa ya sake jan numfashi.

Na san shi. In ya kai nan, sau biyu ko uku ya rage kalmar ta fashe, in ta fashe kuma sauran zancen yakan biyo a guje. Na san haka tun muna yara. Amma shirun da ke tsakanin gwaji da gwaji yana cin raina, ina jin kowace daƙiƙa a cikin haƙorana. Ɗaya, biyu, uku. Wani ya tashi ya fara dukan sifika.

"Ga shawara," in ji akuyar tana tuƙa. "Akwai tanadi a doka. Zan iya ara maka muryarka ta daƙiƙa biyar, ka faɗa da kanka. Amma in ka karɓa za a kashe makirufonsa. Ko kuwa za ka jira shi?"

Na dubi Dalhatu. Ya ɗaga min tafin hannu, alamar da yake yi min tun muna firamare, wato dakata, na kusa. Na dubi kilinar, ta kai ƙirji. Na gyaɗa wa akuyar kai da sauri.

Ta buga hatimi a goshina. Jar fitilar makirufon Dalhatu ta mutu. Na ji muryata ta dawo maƙogwaro da ɗuminta, na juya na fuskanci jama'a. Wallahi da niyyar gaskiya na juya. Amma sai na ga fuskokin nan, ɗari biyu ko fi, bakuna a buɗe, dariya ta riga ta cika kumatu, ƙiris suke jira. Shekara goma sha biyar ina ciyar da fuskokin nan abin da suke so. Bakina ya san aikinsa fiye da yadda ya san ni. Na ji kafaɗata ta karkace, idona ya ƙanƙance, na ja ɗan numfashi.

"N-n-n-ni ne m-m-mai laifi!"

Ko a fim ɗin ban yi ta da kyau haka ba. Gadar ta girgiza da dariya. Suka yi ta tafi suna jefo min gyaɗa, mai shayi yana ihun a maimaita. Daƙiƙa biyar ɗina suka ƙare a cikin tafin, muryata ta sake ɗaukewa.

Akuyar ta duba fayil, ta girgiza kai. "Wasa ba ya shiga fayil. Shaidar farko tana nan daram."

Na durƙusa a gabanta ina haɗa hannu. Na nuna bakina, na nuna ƙirjina, na buga goshina a ƙarfen gada. Ta ɗauke kai tana kallon kogi. Na ruga na rungumi abin da ya rage na Tanimu don in kare shi, kilinar ta bi ta cikina ta wuce kamar ba na wurin. Ni ba ni cikin takardar hukunci.

Na ɗaga kai. Dalhatu ya rage kafaɗu da kai. Ya cire abin sauraron da hannun da ya saura, ya ajiye shi a kan tebur a hankali, ya naɗe wayarsa yadda yake naɗe zare, sannan hannun ma ya tafi. Ya matso da fuskarsa jikin gilashi. Ba sifika yanzu, amma na ji shi, can ƙasa-ƙasa, kuma ba wanda ya ji sai ni.

"J-jazuli, s-saura kaɗan fa. D-da ka bari, ai d-da na ce musu..."

Kilinar ta shafi bakin. Idanunsa suka ɗan daɗe suna kallona, sannan su ma. Furfurar gefen kunnen ce ta tafi a ƙarshe. Ban san abin da zai ce musu ba. Wannan karon ban yi ƙoƙarin ƙarasa masa ba, kuma ba wanda zai ƙarasa.

Ruwan ya tsaya. 'Yan kallo suka miƙe suna kakkaɓe ɓawon gyaɗa, suna cewa yau kashin ya yi daɗi. Sallau yana nan durƙushe yana kallon farin wurin da abokinsa yake tsaye ɗazu. Ya juyo ya buɗe baki yana yi min magana, amma maƙogwarona bai motsa ba, don haka har abada ban san abin da ya ce ba.

Sai ga ni a ofis kuma. Duk awakin sun tashi, saura tsohuwar. Ta ɗauko wata ƙaramar rakoda ta ajiye a gabana.

"Abu ɗaya ya rage mu rufe fayil," in ji ta. "Duk wanda aka goge, muna ajiye muryarsa a ma'ajiya, don kada a ce ba a taɓa yinsa ba. Na mayar maka da taka. Kai ka fi kowa saninsa, yi mana yadda yake magana."

Na ce to. Na rufe ido na nemi muryar Dalhatu, ta gaskiyar, wadda yake kirana da ita daga zaure in mun makara makaranta. Na san tana da ɗan kauri, na san yakan sassauta ta in zai faɗi abin da ya dame shi. Na buɗe baki, Barkono ya fito.

"Ba wannan ba," in ji akuyar. "Wannan taka ce. Tasa muke so."

Na sake gwadawa. Na koma ranar da muka kama kifi a madatsa, na koma ranar da aka binne mahaifinsa muka zauna a bayan gida, na koma ranar aurena da ya riƙe min babbar riga. Ina ganinsa sarai a kowane wuri, leɓunansa suna motsi. Amma duk inda ya buɗe baki, wawan baran nan nake ji, da karkatacciyar kafaɗa da ƙanƙantaccen ido. Na shafe tasa da tawa tun tuni, ban ma san ranar da aka yi ba.

"Sake," in ji akuyar. Rakodar tana juyawa. "Ba sauri muke yi ba. Sake."

Ƙarar babur ce ta tashe ni. Malam Isiyaku maƙwabcina ne yake ta buga tsohon mashin ɗinsa a ƙofar gida, yana kamawa yana mutuwa. Rana ta riga ta shigo ta taga, matashin kaina ya jiƙe sharkaf. Na kwanta a wurin ban motsa ba, ido biyu, ina neman muryar Dalhatu a cikin kaina. Har Malam Isiyaku ya samu babur ɗin ya tashi ya tafi, ban same ta ba.